Ciwon damuwa da fargaba: abin yi tun daga gida har zuwa gaban likita

Da wuya mai ciwon damuwa ya shiga asibiti ya ce wa likita damuwa ce ta kawo shi. Abin da yake faɗa shi ne kansa na zafi, jikinsa ya mutu, gabansa na yawan faɗuwa, barci ya ƙaurace masa, wani abu na yawo a jikinsa. Sai a tura shi gwajin maleriya da taifod, a rubuta allura da ƙarin ruwa, bayan mako uku ya dawo da irin kukan da ya zo da shi. Gwajin Widal da aka fi yi a ƙananan asibitoci kuwa yakan nuna taifod ko ga wanda ba ya da shi, shi ya sa wasu ke shafe shekara suna shan maganin ciwon da ba shi ke damunsu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa a duniya, kuma ciwo ne mai magani.

Abin da ke raba shi da ɓacin ran yau da kullum shi ne daɗewa da kuma ɓarnar da yake yi. Idan mutum ya kai mako biyu, kusan kullum, yana cikin ƙuncin zuciya, ko kuma abin da yake jin daɗinsa a da ya daina yi masa daɗi, to a duba sauran alamomin. Cin abinci ya ragu ko ya ƙaru, ana farkawa tun ƙarfe ukun dare barci ya ƙi dawowa, ga gajiya ba tare da an yi aikin komai ba, ga mantuwa da kasa tattara hankali ko a cikin salla, ga ganin kai ba shi da amfani, wani lokaci har da tunanin gara mutuwa. A wurin maza da yawa ba kuka ba ne ke fitowa, faɗa ne da saurin fushi da ƙauracewa majalisa. Ita kuwa fargaba iri biyu aka fi gani. Akwai zullumin da ke bin mutum wata da watanni, ya gama da tunanin kuɗin makaranta ya koma na lafiyar yara, kafaɗa da wuya kullum a ɗaure. Akwai kuma wadda ke faɗowa farat ɗaya: zuciya na dukan uku-uku, numfashi na sarƙewa, gumi, hannu da baki su yi sanyi, mutum ya tabbata mutuwa ce ta zo. Irin wannan takan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma, sannan ta fara sauka da kanta.

Kafin a ce damuwa ce, a auna jiki sau ɗaya da kyau: yawan jini, suga, hawan jini, da aikin ƙwayar tayirod da ke wuya. Ƙarancin jini yana kawo kasala da bugun zuciya, tayirod mai yawan aiki tana kama da fargaba sak, mai ƙarancin aiki kuma tana kama da damuwa. Idan waɗannan sun fito lafiya, a daina zagayen dakunan gwaji.

Babban tarkon ciwon nan shi ne yana ce wa mutum ya jira sai ya ji ƙarfi sannan ya tashi. Ƙarfin kuwa ba ya zuwa a kwance. Wanda ya kwanta ya rasa ciniki, ya rasa hira, ya rasa jam'i, sai laifin kansa ya ƙara kama shi, sai ya ƙara kwanciya. Masana halayyar ɗan'adam sun gina magani guda a kan juya wannan tsarin, wato a fara aikin tukuna, jin daɗin ya biyo baya. Yadda ake yi shi ne, da daddare ka ɗauki takarda ka rubuta abu uku kacal da za ka yi gobe, kowanne da lokacinsa. Ɗaya na wajibi, kamar wanka da sauya kaya kafin ƙarfe tara, ko wanke kwanukan da suka kwana. Ɗaya wanda a da yake yi maka daɗi, ko kiwon tattabaru ne, ko ɗinki, ko sauraren karatu. Na uku wanda zai haɗa ka da mutum, ko da gaisuwar minti biyar ce a ƙofar maƙwabci. Kowanne kada ya wuce minti goma zuwa goma sha biyar a makon farko. Bayan ka yi, ka ba yanayin zuciyarka maki daga sifili zuwa goma, ka rubuta a gefe. Makin nan yana da amfani ƙwarai, domin damuwa tana goge tunanin duk wani abu mai kyau da ya faru, amma ba ta iya goge abin da ke kan takarda. Bayan mako biyu za ka ga da idonka waɗanne ayyuka ne ke ɗaga ka, sai ka ƙara su.

Inda ake samun matsala wuri biyu ne. Na farko ɗaukar abin da ya fi ƙarfi: wanda ya yi wata bai fita ba ya ce gobe zai buɗe shago tun safe har dare, ya kasa, ya ce ai dama ba shi da amfani. Idan aiki ya gagara, a raba shi biyu, kada a watsar. Na biyu rubuta abu a dunƙule. "Zan riƙa motsa jiki" ba ya yiwuwa. "Bayan sallar asuba zan taka zuwa bakin titi in dawo" yana yiwuwa. Tafiyar safen nan ma riba biyu gare ta, motsi da hasken rana, wanda ke daidaita lokacin barci. A fara da minti goma, a riƙa ƙarawa har a kai minti talatin sau biyar a mako, wato minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara. Matar da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida da hantsi.

Barci kuwa daga lokacin tashi ake gyara shi. Ka tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, ko daren jiya ka yi barci ko ba ka yi ba. Barcin rana kada ya wuce minti talatin, kuma kada ya kai la'asar. Idan ka kwanta ka yi kamar minti ashirin ido biyu, tashi ka zauna wani wuri mai ƙarancin haske, ka yi tasbihi ko wani abu mai sanyi, sai barci ya fara fizgarka ka koma. Waya ta kwana nesa da shimfiɗa. Sannan a lura da goro, da kofi, da shayin da ake dafawa ya yi kauri a majalisa, da lemukan ƙara kuzari. Sinadarin kafeyin (caffeine), mai hana barci, da ke cikinsu yakan ɗauki kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka shayin bayan magariba yana nan a jini har tsakar dare, kuma shi kansa yana sa bugun zuciya da rawar hannu. Mai fargaba ya tsayar da su daga azahar. Wanda ya saba da yawa ya rage a hankali cikin mako guda ko biyu, don yankewa lokaci ɗaya na kawo ciwon kai.

Idan fargaba ta taso, jiki yana sa mutum haki, hakin nan kuma shi ke fitar da iskar kabon fiye da kima, ya kawo jiri da sanyin yatsu, su kuma su ƙara tsoratar da shi. Maganinsa jinkirta fitar numfashi. Ɗora hannu a ciki, ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu har cikin ya taso, sake ta ta baki a hankali kana ƙirga shida. A yi haka minti biyar, safe da yamma, a lokacin da ake lafiya lau. Wanda bai saba ba sai ranar da abin ya taso, ba zai iya ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne jan dogon numfashi da sauri, wanda ke ƙara jirin.

Abin da ke raya fargaba shi ne gudu. Wanda abin ya kama a kasuwa sai ya daina zuwa kasuwa, ya ji sauƙi na ɗan lokaci, amma ƙwaƙwalwarsa ta riƙe cewa gudun ne ya cece shi. Daga nan sai motar haya, sai sahun gaba a masallaci, sai gidan biki. Ana warware wannan ne daki-daki: yau a tsaya bakin kasuwa tare da wani, a zauna har tsoron ya ragu da kamar rabi kafin a tafi, a maimaita kwana uku ko huɗu, sannan a shiga layin farko. Shi kuma zullumi a ware masa minti goma sha biyar bayan la'asar, a rubuta duk abin da ke cin rai, a tambayi kai a kan kowanne: akwai abin da zan iya yi a kai cikin makon nan? In akwai, a rubuta mataki ɗaya da ranar yinsa. In ya dawo da dare, a ce masa sai gobe da la'asar.

Waɗannan matakan suna isar wanda ciwonsa bai yi nisa ba. Amma idan an yi mako huɗu ba canji, ko mutum ya kasa aiki, ya kasa cin abinci, to a ga likita, kuma a faɗa masa maganar zuciyar ƙarara. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga sassan masu wannan aiki a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Zuwa can ba ya nufin hauka, yawancin masu zuwa a ranar suke komawa gida. Tun Janairun 2023 ma Najeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta tanadi haƙƙin majiyyaci, ta kuma maye gurbin ta 1958.

Magungunan da aka fi samu su ne fluoxetine da amitriptyline. Na farko ana shan sa da safe, yawanci miligiram 20, kuma a makon farko yana iya kawo tashin zuciya, ciwon kai, har ma ya ɗan ƙara fargabar, shi ya sa likita kan fara da miligiram 10. Wasu yana rage musu sha'awa, kuma gara a faɗa wa likita da a daina a ɓoye. Na biyu da dare ake sha, ana farawa da miligiram 25 ana ƙarawa a hankali. Yana busar da baki, yana sa barci da taurin bayan gida, bai dace da mai ciwon zuciya ba, kuma yawansa yana kisa, don haka ba a barin kwalinsa a hannun mai tunanin kashe kansa. Dukansu ba sa aiki nan take, sai mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida. A nan mutane da yawa ke faɗuwa: illar ta zo a kwana uku, amfanin bai iso ba, sai a ajiye. Wasu kuma da sun ji sauƙi sai su daina, ciwon ya dawo. Ƙa'ida ita ce a ci gaba aƙalla wata shida bayan an warke, likitoci da dama ma sukan kai wata tara zuwa shekara, sannan a janye a hankali cikin mako huɗu ko fiye. Azumi ba ya hana sha, tunda sau ɗaya ne a rana, sai a mayar da shi sahur ko bayan buɗa-baki. Wanda ya taɓa yin kwanaki ba ya barci kuma ba ya gajiya, yana surutu da ɓarnar kuɗi, lallai ya faɗa wa likita, domin wannan wani ciwon ne daban, kuma maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar da shi.

Abin da ya kamata a guje masa shi ne ƙwayar kemis. Diazepam, wanda matasa ke kira D5, yana kwantar da fargaba cikin rabin awa, amma makonni kaɗan jiki ya saba, sai an ƙara, ranar da aka rasa kuma fargabar ta dawo ninki. Haka tiramadol, haka kuma maganin tari mai kodin wanda gwamnati ta haramta a 2018. Mata da yawa a cikin gidaje ta ƙofar rashin barci da ɓacin ran aure suka shiga wannan, abin tausayi ne, kuma su ma magani suke buƙata.

Addu'a da magani ba sa karo. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya isa ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Don haka a daina ce wa mai ciwon nan ba shi da tawakkali, wannan magana tana ƙara masa nauyin da yake ɗauke da shi. A yi ruƙiyya, a yi azkar, a kuma sha magani. Inda za a ja layi shi ne duk wanda ya ce a ajiye maganin asibiti, ko ya kawo duka, ɗauri ko hayaƙi.

Mai jego tana buƙatar sa ido na musamman. Kuka da saurin ɓacin rai a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da aka saba, yana wucewa kafin mako biyu. In ya zarce haka, tana ƙin jaririn ko tana ganin ta gaza, a kai ta asibiti, akwai magungunan da mai shayarwa ke iya sha. In kuwa ta fara sambatu, ta daina barci gaba ɗaya, tana jin muryoyi, wannan na gaggawa ne, a ranar za a tafi, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jaririn.

Idan ɗan'uwa ya fara cewa ya gaji da duniya, ko yana rabar da kayansa yana neman yafiya ba dalili, a tambaye shi kai tsaye: "Yaya, kana tunanin kashe kanka ne?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada a yi masa wa'azin wuta a wannan lokacin, kada kuma a yi alkawarin rufa asiri. A kwashe fiya-fiya, maganin ɓera, maganin feshin gona, igiya da tarin ƙwayoyi daga gidan, wani ya zauna tare da shi dare da rana, a kai shi asibiti a ranar. In an fara ba shi magani, mutum ɗaya a gidan ya riƙe kwalin yana ba shi na kullum, a kuma ƙara kula a makonnin farko, musamman in bai kai shekara 25 ba, domin ƙarfin jiki yakan riga sauƙin zuciya dawowa.