Lahadi: taron da aka ƙi cewa "mun yarda"

Damagaram, tsakiyar watan Yuli.

Sai bayan isha'i na shigo gida, murya ta dishe. Taron ƙungiyarmu ta ƴan sa-kai da muka sa bayan la'asar a rumfar wata fada, wato majalisar shan shayin matasa, a unguwar Zango ya ja mu har aka kira magariba, muka yi salla, muka koma kan tabarma.

Abin da ya tara mu shi ne aikin 3 ga Agusta, ranar da aka saba dasa itatuwa a Nijar. Ni da mataimakina mun zo da shawarar a sayo ƴaƴan dogon yaro a dasa bakin hanyar lakwal ɗin unguwa. Ina gama bayani aka fara gyaɗa kai. Sai ma'ajiyarmu, wadda ba ta cika magana ba, ta gyara mayafi ta ce, "Yaya, ka yi mini haƙuri, ni ban yarda ba. Wa zai ba su ruwa a watan Afrilu?"

Duk ɗan Damagaram ya san nauyin wannan tambaya. Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan fanfonmu daga nesa ake jawo shi, daga su Gogo da Machaya da Arungoza. In bazara ta kama, mata kan kwana a layin fanfo da bido. Ta ce dashe aikin wuni guda ne, ban ruwa da kare shi daga awaki kuwa aikin shekara ne. A ganinta gara a sayi baro da shebur a yashe magudanan da leda ta toshe, tunda daga Agusta zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara.

Nan wuri ya ɗau zafi. Wani ya ce gyaran magudana aikin magajin gari ne. Wani ɗan Matamaye da ke karatu a jami'a ya ce a ƙauyensu ba dashe ya mayar da gawo gonaki ba, sassaben zamani ne, wato a bar tohon da ya fito da kansa a kula da shi. Mai haɗa mana shayi ma ya ajiye buta ya shiga gardamar.

Da muka tashi salla, babban yayanmu a ƙungiyar ya ja ni gefe. "Shugaba," in ji shi, "kana barin yara suna tsinka ka a gaban jama'a. A zamanin samariya, lokacin Seyni Kountché, in sarkin samari ya yi magana an gama." Na girmama shi, don shi ya fara tara mu. Amma na ce masa, "Yaya, samariya tana da hukuma a bayanta. Mu me muke da shi?"

Gaskiyar ke nan. Ba ma biyan kowa ko dala. Ba ni da albashin da zan yanke, ba ni da takardar kora. Ɗan sa-kai in bai samu wurin cewa a'a da baki ba, da ƙafa zai faɗa: ranar aiki ka nemi mutum, a ce ya tafi kasuwar Dole, ko wayarsa a kashe. Na sha ganin ƙungiyoyin da taronsu ke ƙarewa cikin minti kaɗan, kowa ya ce "to madalla", bayan wata biyu sai shugaba da kayensa. Mu nan an tarbiyyantar da mu da kunya, ƙarami ba ya musa wa babba, mace kuwa ta fi kowa haɗiye magana a taron maza. Shi ya sa in ƴar ƙanwarka ta yi ƙarfin halin cewa "ban yarda ba", to ta ɗauki ƙungiyar tata ce, kuma hakan ya fi mini tafin hannu daɗi. Ko a Badar, Hubab ɗan Munzir ya kawo shawarar sauya wurin sauka saboda rijiyoyi, Manzon Allah (SAW) ya karɓa. Balle ni.

Ba wai gardama ba ta da haɗari ba. Yau ma wani ya zame daga maganar itace ya fara gorin wanda bai biya kuɗin wata ba, na tsayar da shi nan take. A soki shawara, na yarda. A ci mutuncin mutum, wannan ba a rumfata ba.

Har yanzu ina ganin dashen ya dace, kuma na faɗa musu haka. Ita ma ba ta sauka daga nata ba. Abin da aka tsayar: Asabar mai zuwa za a fara yashe babbar magudanar da ke bayan masallaci, itace kuwa ba za a sayi ko ɗaya ba sai wanda wani gida ya ɗauki alkawarin ba shi ruwa da kewaye shi da ƙaya. Wasu sun tafi ba su ji daɗi ba, na gani a fuskarsu, amma su suka fara rubuta suna a jerin ƴan aikin Asabar.

Gobe da safe ni da ma'ajiya za mu je wurin mai unguwa neman izini, daga nan mu bi gida-gida mu ji wa zai karɓi itace.