Shagon da ba a rubuta ba

A shekarar 2024 aka sa ni cikin masu sulhu tsakanin kawuna da ɗan kwangilar da ya gina masa gida a Birnin Kebbi, kuma tun zaman farko na fahimci cewa babu maƙaryaci a cikinsu. An yi jinga a kan ɗaki uku da falo, an rubuta, shaidu sun sa hannu. Da gini ya kai linta, sai kawu ya zagaya wata Juma'a, ya nuna kusurwar gabas da sandarsa ya ce, "Malam, a fitar mini da ɗan shago a nan." Ɗan kwangila ya ce, "An gama, Alhaji." Babu wanda ya ambaci kuɗi, domin kowa yana jin nauyin ɗan'uwansa.

Ranar biyan ciko ɗan kwangila ya zo da takarda ɗaya wadda ta cakuɗa abubuwa daban-daban, aikinmu kuwa shi ne rarrabe su. Shago ƙarin aiki ne, babu jayayya, don haka aka kira mai ƙididdigar kayan gini ya auna bulo da rodi da kwano, aka biya kayan bisa rasit, ladan birkila da lebura kuma bisa farashin jingar farko. Bangon da ya karkace aka rushe aka sake, wannan kuskuren magini ne, kuma ba a ɗora wa mai gida ko kwabo ba.

Inda aka daɗe shi ne batun siminti, wanda buhunsa ya haura naira 10,000 a farkon shekarar. A ƙa'ida, idan takarda ba ta ambaci tashin farashi ba, wanda ya karɓi jinga shi ke ɗaukar asarar. Sai dai kawu ya jinkirta kashi na biyu na kuɗin har wata biyu, kuma a cikin wannan jinkirin kaya suka tashi, saboda haka a ganina raba bambancin biyu da aka yi adalci ne.

A manyan kwangiloli ba a taɓa ƙarin aiki sai injiniya ko mai zanen gini ya ba da umarni a rubuce, kuma dokar sasanci ta 2023 ta tanadi hanyar warware saɓani ba tare da doguwar shari'a ba. Limamin da ya jagoranci zamanmu aya ta 282 ta Suratul Baƙara ya karanta musu, wadda ta yi umarni da rubuta bashi. Kawu ya cika kuɗin kashi biyu, na ƙarshe bayan Babbar Sallah, kuma da za a yi katangar gida, wannan ɗan kwangilar ya sake kira.