Daren da "False" ta koma gaskiya

Manhajar tamu ƙarama ce, da harshen kwamfuta na Python muka rubuta ta. Tana riƙe lissafin buhunan masara da wake na wani dillali a kasuwar Tudun Hatsi, nan Gombe, tana kuma tura saƙon tunatarwa ga waɗanda yake bi bashi.

Wani dare ina gwaji, na sa AIKA_SAKO=False, wato kada a tura saƙo, a fayil ɗin saituna na .env, na kwanta hankalina kwance. Bayan sallar asuba sai ga kiran Alhaji, dillalin: "Malam, wa ya tashi surukina da saƙon bashi ƙarfe ɗaya na dare?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, yanzu zan duba."

Ashe duk abin da os.environ, hanyar da manhajar ke karanto saitin, ya miƙo rubutu ne kawai, kuma a Python bool("False"), mai mayar da abu e ko a'a, True (wato e) yake bayarwa, tunda rubutun ba fanko ba ne, shi ya sa saƙon ya tafi. Ni da hannuna na rubuta wannan layin, ba ni da wanda zan ɗora wa.

Sai dai ciwon ya fi layi ɗaya. Da na bi kod ɗin da grep, abin neman kalma cikin fayiloli, na tarar ana karanta saituna a wurare 11: wasu daga fayilolin saiti na YAML, wasu daga .env, wasu an cusa su cikin kod tun ranar farko an manta. Na fara da rubuta gwaje-gwajen da suka kama halin manhajar na yanzu, sannan na tattaro komai cikin fayil guda. Shi kaɗai ke da izinin karanta saiti. Yana mai da lambar da ta zo a rubutu ta koma lamba, yana karɓar true ko false kawai, ya miƙa wa sauran sassa abin da ba ya canzuwa.

Inda muka yi gardama da abokin aikina shi ne abin da za a yi idan saiti ya ɓace. Shi yana so manhajar ta yi zato ta ci gaba. Na ƙi. Yanzu idan babu adireshin rumbun bayanai, ko wani ya rubuta "Flase", tun wajen tashi take tsayawa ta faɗi sunan abin da ya lalace.

A cikin wannan share-sharen ne na ga kalmar sirrin kamfanin tura saƙo zaune a tarihin Git, inda ake adana duk canjin da aka yi wa kod. Goge fayil ba ya fitar da ita daga tarihi, dole muka canza ta a ranar.

Surukin Alhaji kuwa, an ce a satin ya biya rabin bashin.