Gailardiya: furen da gata ke kashewa

Gailardiya fure ne ɗan asalin Amurka ta Arewa. A can da kansa yake fitowa a bakin hanya da filayen rairayi, kamar yadda tafasa ke fitowa a nan ba wanda ya shuka ta. Danginsu ɗaya da shuwaka da latas da ƙashin yawo. Tsayinsa santimita 30 zuwa 60, furen ja ne daga ciki, bakinsa rawaya. Jigawar Katsina da Daura ta dace da shi sosai, shi ya sa in ya mutu a gidajenmu ba fari ne ya kashe shi ba, yawanci ruwa da taki ne suka yi masa yawa.

A nemi wurin da rana ke duka aƙalla awa 6, ba gindin dalbejiya ba, don a inuwa zai yi tsawo siriri ya kwanta. In ƙasar gidan laka ce mai riƙe ruwa, a haɗa kwano biyu na rairayi da kwano ɗaya nata, a ɗaga kunyar kamar taƙi guda. Taki kuwa, tafi ɗaya na tsohon kashin awaki ya ishi faɗin taku guda. Ɗanyen taki gara yake kira. Yuriya kada ma a kusanta, ganye kawai za a samu shar, fure ƙalilan.

Wajen shuka ne aka fi kuskure, saboda hannunmu ya saba da gero da wake, a sara a zuba a rufe da ƙafa. Irin gailardiya yana buƙatar haske kafin ya tsira, in an binne shi ya tafi ke nan. A cuɗa shi da rairayi cikin gwangwanin madara, a barbaɗa a saman ƙasa mai laima, a danne da tafin hannu. Ban ruwa da gwangwanin da aka huda da ƙusa za a yi, domin buta kwashe irin take ta tara shi gefe ɗaya. Cikin sati 1 zuwa 3 zai fito.

Lokacin shuka biyu ne. Ana iya shukawa ƙarshen Yuni in damina ta zauna, amma markar Agusta na iya ruɓar da ƙananan. A ganina ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, zafi ya ragu, babu ruwan saman da zai wanke iri, sai dai a tanadi na mai garuwa. In ya yi ganye huɗu a rage shi, a bar santimita 30 tsakanin gindi da gindi. Dashe ma a lokacin ake yi, da yamma, don saiwarsa doguwa ce mai nitsewa, in ta girma ba ta son a taɓa ta.

Watan farko kada ƙasar ta bushe. Bayan nan ban ruwa sau ɗaya a sati, da bazara sau biyu. A tura yatsa cikin ƙasa tukuna, in an ji danshi a haƙura. Ga inda ake ruɗewa: ganye ya yi rawaya ya yanƙwane alhali ƙasa a jiƙe take, sai mai gida ya ce ƙishi ne ya ƙara ruwa. A duba gindin, in ya yi baƙi ya yi laushi, ruɓewa ce, sai tugewa. Wanda aka shuka cikin bokitin fenti ya fi saurin bushewa, kuma dole a huda gindin bokitin.

Kaji ba cin sa suke ba sosai, tono ne matsalarsu, darnin kara ko ƙaya ya wadatar. Wata biyu zuwa uku ya fara fure, zuma kuma ta fara zarya. A riƙa tsinke furen da ya bushe don sabo ya fito, a bar kaɗan su zama dunƙule mai tsini, nan iri yake. A murje shi a ajiye cikin ambulan takarda, leda gumi take sa shi. Ganyen yana da gashi, wasu yakan sa musu ƙaiƙayi, mai irin wannan fata ya sa safar hannu.