Ɗaki da karin kumallo a garin Durham

Takardu ne suka kai ni Durham, a arewa maso gabashin Ingila. Jami'ar garin, wadda aka kafa a 1832, tana da rumbun takardun Sudan tun 1957, ni kuma ina bin sawun mutanenmu da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 da aka yi da Turawa, suka zauna a garin Mai Wurno na ƙasar Sudan. Otal ya fi ƙarfin aljihuna, sai na kama ɗaki a irin gidajen nan da masu su ke ba baƙo makwanci da karin kumallo.

Gidan wata dattijuwa ne. 'Ya'yanta sun yi gaba, ta mayar da ɗakunansu na baƙi. Ba mai zaman jiranka a ƙofa dare da rana kamar a otal. Sai da na sanar da ita lokacin isowar jirgin ƙasa daga Landan, tafiyar kusan awa uku, ta tarbe ni da kanta, ta danƙa mini makulli biyu, na ƙofar waje da na ɗaki. Garin hawa da gangara ne, benen kuma ba lif, don haka a rage kaya.

Inda maganar take shi ne teburin safe. Cikakken karin kumallon Ingilishi ƙwai ne da wake da tumatir da gasasshen burodi, sai kuma naman alade da tsiran alade da wani baƙin curi da ake yi da jini. Tun wajen kama ɗakin na rubuta mata cewa ni Musulmi ne, na kuma roƙa kada a soya mini ƙwai a kaskon da aka soya alade. Wannan na biyun shi mutane ke mantawa. Ba ta ɓata rai ba ko kaɗan, ta ware mini kasko. Wata safiya ma ta kawo bandararren kifi mai ƙamshin hayaƙi, ga gishiri kamar an yi ɓari, amma da burodi da man shanu ya shiga. Lokacin cin a ƙayyade yake, domin ita kaɗai ce mai girki da wanke-wanke. In ka makara, sai dai shayi.

Banɗakin kuwa ba a yi shi don mai buta ba. Famfo biyu ne a kan kwamin wanke hannu, ɗaya ruwan ƙanƙara, ɗaya mai salɓe fata, sai ka haɗa su a gora kafin alwala. Da bazara alfijir na ketowa tun cikin dare, katakon benen kuma yana ƙara da kowane taku, dole ka yi sanɗa saboda maƙwabta.

A teburin nan na san garin. Akwai iyayen da suka zo duba ɗansu, akwai malamin da ya zo taro, ita kuma dattijuwar ta nuna mini hanyar bakin kogin Wear da ke ɓullewa kusa da babbar majami'ar da aka fara ginawa a 1093, dab da ɗakin karatun da nake zuwa. Ita ce ta gargaɗe ni cewa a makon bikin yaye ɗalibai, da ranar taron masu haƙar kwal na watan Yuli, ɗaki yana wuya, kuɗinsa kuma yana tashi. Mai niyyar zuwa a lokacin ya kama nasa tun da watanni.