Litinin, 15 ga Satumba 2025: Gleision

Yau shekara 14 ke nan da ruwa ya ɓalle a mahaƙar kwal ta Gleision, kusa da Pontardawe a kudancin Wales, don haka wunin nan kaf a kanta hankalina yake.

Gleision ba rijiya ba ce mai lif irin ta manyan mahaƙai. Rami ne da aka huda a jikin tsauni, mutum ya shiga da ƙafarsa yana gangarawa. Lokacin da gwamnatin Birtaniya ta karɓe mahaƙan kwal a 1947, ta bar ƙanana irin wannan a hannun 'yan kasuwa da lasisi, bisa sharaɗin kada ma'aikatan ƙarƙashin ƙasa su wuce 30. Shimfiɗar kwal ɗin ba ta kai mita ɗaya kauri ba, sai a durƙushe ko a kwance ake aikin: a huda, a cusa nakiya, a tayar, a kwashe da shebur zuwa bel ɗin da ke fitar da kwal, a kafa katakon tokare rufi.

Haɗarin yana cikin tsofaffin ramukan da magabata suka haƙa suka bari. In an daina zuƙe ruwa, sannu a hankali suke cika, kuma tsohuwar taswira ba kullum take faɗin gaskiya ba. Shi ya sa dokar 1979, wadda ta biyo bayan ambaliyar mahaƙar kwal ta Lofthouse a Ingila a 1973, ta tilasta matakan kariya idan haƙa ya zo cikin mita 37 da tsohon rami. Dabarar ita ce a riƙa tura dogon huji gaba, ruwa ya nuna kansa ta ƙaramar kafa kafin a kusanci bango.

Da safiyar Alhamis ɗin, 15 ga Satumba 2011, aka tayar da nakiya don haɗewa da tsohon rami. Ruwa kimanin galan 650,000 ya kwararo. Ma'aikata uku suka tsira, huɗu suka rasu. Masu ceto sun kwana suna zuƙe ruwa, masu ninƙaya suka shiga, laka da tarkace suka tare su.

A 2014 kotu a Swansea ta wanke manajan da kamfanin daga tuhumar kisa ba da gangan ba; manajan ya ce ya leƙa bayan bangon bai ga ruwa mai yawa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne a ƙaramar mahaƙa, mai dubawa da mai yanke shawara da mai haƙa kusan mutum ɗaya ne, babu ido na biyu da zai ce a dakata.