Fitilar da ban duba ba a Thakhek

Tabon yana nan har yau a sharaɓar ƙafata ta dama, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro. Duk sanda na zo sa safa na gan shi, abin da ke faɗo mini a rai shi ne safiyar da na tsaya gaban shagon hayar babura a Thakhek, rana ta fito tar, na duba komai a jikin mashin ɗin nan amma ban kunna fitilarsa ba.

Thakhek gari ne a tsakiyar ƙasar Laos, a bakin kogin Mekong, yana kallon Nakhon Phanom ta ƙasar Tailan a ɗaya tsallaken. Daga nan ake fara wani zagaye na kusan kilomita 450 da masu babur ke yi cikin kwana uku ko huɗu: a bi hanya mai lamba 12 a yi gabas, a haura tudun Nakai, a faɗa Lak Sao, a juyo yamma ta hanya mai lamba 8, a ratsa zuwa kogon Kong Lor, sannan a dawo gida ta hanya mai lamba 13. Ni kaɗai na yi shi, a watan Disamba, bayan damina ta ɗauke. Mashin ɗin da na karɓa ɗan ƙarami ne, irin samfurin Honda Wave mai giya huɗu ba kuloci. Na matsa tayoyi, na taka birkin baya, na damƙi na gaba, na leƙa sarƙa, na danna ham, har hotunan ƙujewar da ke jikin robobinsa na ɗauka don kada a ɗora mini laifin wani. Na bar wa mai shagon fasfona a matsayin jingina, na ɗaure jakata a baya, na tafi ina ganin ban bar wata kafa ba. A raina na riga na yanke cewa ba zan yi tafiyar dare ba, to me zan yi da fitila?

Ranar farko ta tafi lami lafiya, ba sai na ja ta ba. Duwatsun farar ƙasa masu tsini sun sa hanya a tsakiya, kogwanni a dama da hagu. Na shiga kogon Tham Nang Aen, na yi iyo a Tha Falang, na haura kwane-kwanen da ke kai mutum Nakai. A saman tudun ne na ga matattun itatuwa dubbai tsaye cikin ruwa, fari fat ba ganye, dajin da madatsar Nam Theun 2 ta haɗiye tun da aka tare ruwan a 2008. Na iso Thalang da la'asar, rana tana sama. Wannan isowa da wuri ita ta ƙara mini ƙarfin gwiwar da ya cuce ni washegari.

Rana ta biyu ita ce mai tsawo. Daga Thalang hanya ta kutsa cikin kurmi sosai, itatuwa suna haɗe kai a sama, sanyin safiya yana ratsa riga har yatsu su ƙage a kan totur. Akwai inda na kashe injin don kawai in ji dajin. Ƙarar ƙwari ce ke tashi gaba ɗaya kamar an kunna injin niƙa, ta lafa, ta sake tashi. Amma ban taɓa sauka daga hanya na kutsa ciki ba ko don kama ruwa, kuma wannan ban yi da-na-saninsa ba. Daga 1964 zuwa 1973 jiragen Amurka sun zuba wa Laos bama-bamai sama da tan miliyan biyu, da yawa ba su fashe ba, suna nan binne a gabashin ƙasar, yankin da wannan hanya ta ratsa. A ƙauyen Tha Bak ma, daga kan gada, za ka hango kwale-kwalen da mutanen wurin suka ƙera da tankunan man da jiragen yaƙin suka yar. Inda ba sawun mutane, ban sa ƙafata ba.

Bayan Lak Sao, da misalin ƙarfe biyu, na bar kwalta na bi wata 'yar hanyar burji zuwa wata maɓuɓɓuga a gindin dutse. Na yi niyyar rabin sa'a. Ruwan yana fitowa ne daga ƙarƙashin dutsen, ya taru ya zama tafki, launinsa tsakanin shuɗi da kore, kuma garau yake har kana ƙirga tsakuwar ƙasa da ƙananan kifaye masu zagaya ƙafarka. Da na faɗa ciki sai da numfashina ya ɗauke don sanyi. Na fito na kwanta kan wani falalen dutse da rana ta gasa, jikina ya bushe, na sake komawa. Sau nawa na yi haka, wallahi ban ƙirga ba. Mutanen da na tarar suka watse ɗaya bayan ɗaya, ya rage daga ni sai inuwar dutsen da ke tahowa a hankali tana rufe ruwan. Ina kallon inuwar nan tana tsawo, ina cewa saura kaɗan in tashi. Ba na jin haushin tafkin, ko yau aka mayar da ni zan sake shiga. Haushina shi ne lissafin da na yi a kansa: na ce ko duhu ya ɗan kama ni a hanya, ai akwai fitila.

Biyar saura na bar wurin. A Disamba rana tana faɗuwa a can wajen biyar da rabi, kuma tsakanin duwatsu tun kafin nan take ɓuya. Magariba ba ta jimawa a irin wannan yanki, kana ganin jan gari, kafin ka ankara duhu ya rufe. Ina fara hawan dutsen da ke kafin garin Na Hin na danna makunnin fitila. Ta kawo, amma wani haske ja-ja, kamar aci-balbal, da ƙyar yake kai taku goma a gabana. Na tura ta babbar wuta, sai ta ɗauke gaba ɗaya. Na mayar da ita ƙarama da sauri, gabana yana faɗuwa.

A hawa abin da sauƙi, don injin yana aiki da ƙarfi. Da na fara gangara ne na gane wani abu da ban taɓa lura da shi ba. A irin waɗannan ƙananan babura, da yawansu fitilar gaba ba daga batir take shan wuta ba, daga kwayil take sha kai tsaye, ƙarfinta yana bin juyin injin. Ka ba da wuta ta yi haske, ka saki totur ta dusashe. To a gangara, inda dole ka saki totur, nan ne take mutuwa, daidai inda ka fi bukatarta. Da na sani, da na zauna a giya ta biyu, injin yana ihu, ya riƙe mini gudu ya kuma riƙe mini haske. Ni kuwa ina giya ta huɗu ina ta matsa birki, ina bin farin layin gefen titi da ido kamar mai neman allura.

Hanya mai lamba 8 ita ce ke fita iyakar Biyetnam, saboda haka manyan motoci ba sa yankewa a kanta. A wata kwana da ta karya dama, wata tirela ta taso daga ƙasa da fitilunta duka a kunne. Idona ya rufe. Na raɓe gefe don in ba ta wuri, ashe yashi da tsakuwa sun taru a bakin kwanar. Hannuna ya damƙi birkin gaba da kansa. Tayar gaba ta zame, sai ga ni a ƙasa, mashin a kan ƙafata ta dama, salansa a manne da sharaɓata. Gudun bai kai a ce gudu ba, don ko hular kwanona ba ta taɓa ƙasa ba. Amma 'yan daƙiƙun da na ɗauka kafin in zare ƙafar sun isa. Wandon da ke jikina mai sauƙi ne, na kuma naɗe shi zuwa gwiwa tun a bakin tafki ban sauke ba. Tirelar ta wuce abinta, ina jin direban bai ma san an yi ba.

Na zauna a bakin hanya cikin duhu ina ta Innalillahi, na tuttula ragowar ruwan gorata a kan ƙunar. Ƙuna tana son ruwa mai sanyi yana kwarara a kanta kamar minti ashirin, ni kuwa abin da ke hannuna bai fi kurɓi biyar ba. Wani dattijo ne ya zo a kan nasa babur, ya tsaya, ya haska ni da tocilar goshinsa. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Ya taya ni ɗaga mashin, ya taka madogarar ƙafar da ta lanƙwashe ya ɗan miƙar da ita, ya nuna fitilata ya girgiza kai. Sannan ya nuna bayansa, wato in biyo shi. Haka ya sa ni a baya yana tafiya a hankali, ina bin jar wutarsa, har cikin Na Hin. Na ciro kuɗi, ya ture hannuna, ya juya ya koma ta inda muka fito. Sai a lokacin na fahimci ashe ba ma nan ya nufa ba. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake.

Da safe na tura mashin wurin bakanike. Ya kwance sukurori, ya zaro ƙwan fitilar ya ɗaga mini shi a rana. Gilashin ya yi baƙi ƙirin daga ciki, zaren babbar wutar ya tsinke yana lilo. Ya ɗauko sabo a cikin wani kwali, ya sa, ya buga kik, haske ya bugi bangon shagonsa da rana tsaka. Duka-duka bai fi minti biyar ba. Na tsaya ina kallon tsohon ƙwan nan a tafin hannuna, abu kamar ɗan yatsa, raina yana ƙuna fiye da ƙafar. Da na tura hancin mashin ɗin cikin inuwar shago a Thakhek na kunna ƙarama da babba, da a nan take zan gani, mai shagon ya canza mini kafin in fita.

Kwana guda cur na yi a Na Hin ban motsa ba, ƙafa a ɗage. Wurin ƙunar ya yi bororo, aka wanke mini shi a wani ƙaramin asibiti aka naɗe da bandeji, aka kuma yi mini nuni da hannu cewa kada ruwa ya taɓa. Wannan gargaɗin shi ya fi yi mini ciwo, don abin da ya rage a tafiyar duk ruwa ne.

Duk da haka na tafi Kong Lor. Kusan kilomita 40 ne daga Na Hin, hanya shimfiɗaɗɗiya a cikin kwari, gonaki a gefe, shanu da karnuka suna tsallakawa yadda suka ga dama, ga ramuka. Ina tafe ina tunanin da a ce ban faɗi a dutse ba, da nan zan biyo cikin dare da waccan fitilar. A bakin kogon akwai wani tafki kore shar, mutane suna ta iyo. Na zauna a kan dutse na naɗe ƙafata da leda biyu, na ɗaure da roba sama da ƙasa, ina kallonsu.

Kogon kansa ya wuce duk yadda aka ba ni labari. Kogin Nam Hin Bun ne ya huda dutse ya ratsa ta cikinsa fiye da kilomita bakwai, ana bi da dogon kwale-kwale mai inji. Minti kaɗan da shiga hasken ƙofa ya ɓace, sai fitilar goshin matuƙi kawai tana yawo a jikin bango. Akwai wuraren da na ɗaga tawa tocilar sama, hasken ya ƙare bai taɓa rufin ba. Iska mai sanyi tana busowa daga gaba, ruwa yana ɗigowa daga sama ya sauka a wuya. A wani wuri aka sauke mu muka taka a ƙasa cikin ginshiƙan dutse da ɗigon ruwa ya gina shekaru aru-aru, an haska su da lantarki. Abin da ya riƙe hankalina shi ne matuƙin. Yana kauce wa duwatsun da ni ban gani ba sai mun gota su, kansa yana juyawa dama da hagu, hasken yana zuwa daidai inda ya kamata. Kafin mu tashi kuwa na ga ya kunna fitilar nan ya kashe har sau biyu, ya taɓa wata ta biyu da ke rataye a wuyansa.

Da yake rani ne ruwan ya ja baya, sai ga shi a wasu wurare kwale-kwalen yana kartar ƙasa, dole fasinja ya sauka a ja shi. Karon farko na sauka a kan ƙafar hagu, na ɗaga ta dama kamar zalɓe, ina dafe da gefen jirgin. Karo na biyu santsi ya kwashe ni, ƙafar ta nutse har gwiwa, na ji sanyin ruwa yana shiga ledar. Da muka ɓulla ɗaya bakin, haske ya dawo, kurmi kore ya buɗe a gabanmu, sauran mutane suna ta ɗaukar hoto, ni ina gefe ina kwance jiƙaƙƙen bandeji. Ciwon da zai warke cikin mako biyu sai da ya ja ni fiye da wata, har da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

In wani ya ce mini zai yi wannan zagaye, kafin in ba shi labarin kogo ko tafki, cewa nake ya kunna fitila tun a shago, a cikin inuwa, ƙarama da babba, ya bar injin yana salo ya ga yadda take, ya ba da wuta ya sake gani, ya taka birki ya leƙa jar wutar baya. Ya sayi ƙwai guda ya jefa a jaka. Ya kwana huɗu maimakon uku, ya sa a ransa cewa ƙarfe huɗu ta same shi a masauki. Ya sa dogon wando mai kauri, kuma ya sauke shi har idon sawu kafin ya hau, ko da jikinsa bai gama bushewa ba.

Na dawo Thakhek ta hanya mai lamba 13 da azahar. Mai shagon ya zagaya mashin, ya ga madubin da ya fashe da robar gefen da ta tsage, ya rubuta adadi a takarda ya miƙo mini. Fasfona yana cikin aljihun teburinsa, ba ni da bakin musu, kuma gaskiya ɓarnar tawa ce. Na biya. Sannan na ciro tsohon ƙwan daga aljihuna na ajiye masa a kan teburin. Ya ɗauka, ya juya shi, ya ɗaga kafaɗa, ya jefa a kwandon shara. A waje wata matashiya tana ɗaure jakarta a bayan wani mashin ɗin irin nawa. Na ɗingisa na je wurinta, na roƙe ta ta turo shi cikin rumfa ta kunna fitilar mu gani.